Waƙar da Ba a Gutsurawa: Daga Bakandamiyar Shata zuwa Faifan Pink Floyd

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su: manomi a bakin gona, direba a kan hanya, ɗalibi a ɗakin kwana, da uwargida da ke aiki rediyo na gefenta.

Yau maganar waƙa za mu yi. Kowa ya san waƙa iri biyu ce. Akwai wadda za ta fito yau gari ya ɗauka, a taka ta a biki uku ko huɗu, kafin damina ta zagayo an manta da ita. Akwai kuma wadda mai ita ya daɗe a ƙasa, makaɗansa sun tsufa ko sun bi shi, na'urar da aka fara ɗaukar ta da ita ma an daina ƙerawa, amma ita tana nan daram. Ku tsaya a tashar motar Dutsin-Ma, ko ku shiga motar haya mai bi ta Kurfi zuwa Katsina, da wuya yini ya ƙare ba ku ji kalangun Shata na tashi daga wata mota ko teburin wani mai shayi ba. Bawan Allahn nan ya rasu tun 1999. Samarin da ke tura waƙoƙinsa a memori yau, da yawansu ba a haife su ba ranar da aka yi masa sutura. To me ya riƙe waƙar?

Kafin mu ba da amsa, bari mu fara zuwa Landan, sannan mu dawo gida ta Musawa da Funtuwa, mu leƙa Zariya. Turawa ma suna da irin waɗannan waƙoƙi da suka ƙi mutuwa, kuma in mutum ya ga yadda maƙwabci ke riƙon nasa, yakan ƙara sanin darajar abin da ke hannunsa.

Dattawanmu da suka ga zamanin garmaho za su tuna faifan nan mai nauyi, mai saurin fashewa, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku zuwa huɗu a kowace fuska. Mawaƙi ya so ko ya ƙi, dole ya dunƙule zancensa cikin wannan ɗan lokaci. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyawa a hankali, wanda ke ɗaukar sama da minti 20 a fuska guda. Da farko tara waƙoƙi kawai aka riƙa yi a cikinsa, wannan ba ruwanta da waccan. Daga baya wasu mawaƙa suka yi tunani: tunda Allah ya ba mu minti 40, me zai hana mu ɗauki jigo guda mu bi shi daga fari har ƙarshe? Sai kowace waƙa ta zama kamar ɗan carbi: tana zaman kanta, amma zare ɗaya ya ratsa su duka. In zaren ya tsinke 'ya'yan suna nan, sai dai carbi ya tashi daga aiki.

Masu kiɗan rok, wato kiɗan jita mai aiki da lantarki da manyan ganguna, su suka fi rungumar wannan dabara. A 1967 ƙungiyar Beatles ta fitar da faifan Sgt. Pepper, inda suka shiga rigar wata ƙungiyar makaɗa ta ƙage. A 1969 ƙungiyar The Who ta fitar da Tommy, labarin yaron da firgici ya mayar kurma, bebe, makaho. Amma faifan da ya fi kowanne daɗewa a kunnen duniya a 1973 ya fito. Shekara ce da mu ma ba za mu manta da ita ba: a watan Janairunta muka yi sallama da fam da sule muka karɓi naira da kwabo, a cikinta kuma fari ya gasa ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel. A watan Maris na shekarar, wasu samari huɗu 'yan Ingila, Roger Waters da David Gilmour da Richard Wright da Nick Mason, masu kiran kansu Pink Floyd, suka fitar da The Dark Side of the Moon.

Waƙoƙi 10 ne a ciki, tsawonsu duka kimanin minti 43. Babu jarumi, babu jaruma, babu labarin soyayya. Tambaya guda suka ɗauka: mene ne ke matsa wa ɗan Adam lamba a rayuwa har ya kai shi ga rasa hankalinsa? Faifan da bugun zuciya yake buɗewa, kamar na jariri, da bugun zuciya kuma yake rufewa. Tsakanin bugun nan biyu aka jera rayuwa. Akwai gudun fanfalaƙi na mutumin da kullum yana kan hanya, ana jin sawunsa da hakinsa da sanarwar filin jirgi. Akwai waƙar lokaci, wadda ke farawa da ƙarar agogo iri-iri a tare, tana maganar matashin da ya yi ta jiran a ce masa ya tashi, ya farga shekaru sun wuce shi. Akwai waƙar mutuwa. In ka juya faifan, sai ka ji ƙarar silalla da na akwatin kuɗin kanti, waƙar kwaɗayin dukiya ke nan. Daga ita sai ta yaƙi da rarrabuwar kai, yadda mutane ke kasa kansu gida biyu, manya na ba da umarni daga nesa, talakawa na mutuwa a fage. Sai ta taɓin hankali, sannan ta husufi ta rufe.

Abin bai zo musu daga sama ba. Wanda ya fara jagorancin ƙungiyar, Syd Barrett, kansa ya taɓu suna gani, har suka rabu da shi a 1968, kuma mutane da yawa na danganta larurar tasa da ƙwayoyin da ya yi ta sha. Wato abokan nasa sun ga abin da suke waƙa a kai da idonsu. Wannan ma kaɗai darasi ne ga matasanmu, kuma shi ya sa zan faɗa a fili: ba tallar rayuwar mawaƙan Turai nake yi ba, aikin da suka yi muke dubawa.

Aikin kuwa an yi shi da haƙuri. Sun fi shekara guda suna kaɗa waƙoƙin nan a gaban jama'a, tun farkon 1972, suna gyara suna ragewa suna ƙarawa, kafin faifan ya fito. A ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, mallakar kamfanin EMI a lokacin, suka naɗe shi, wani ƙwararre mai suna Alan Parsons yana riƙe da na'urori. Sun rubuta tambayoyi a kan katuna game da mutuwa da faɗa da hauka, suka kira ma'aikatan wurin, har da mai gadin ƙofa, suka ɗauki amsoshinsu suka sassaƙa su cikin kiɗan. A waƙar mutuwa kuwa babu baiti ko ɗaya da aka rera. Wata mata ce mai suna Clare Torry aka gayyato, ta saki murya tana kuka da ita, tana hawa tana sauka. Fam 30 aka biya ta. Sai a 2005, bayan an kai maganar kotu an sasanta, aka sa sunanta cikin waɗanda suka ƙirƙiri waƙar. Ku riƙe wannan batu, za mu buƙace shi in mun zo gida.

Faifan ya yi sama da makonni 700 cikin jerin fayafayen da aka fi saye a Amurka, daga 1973 har zuwa 1988, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 45 a duniya. Masu sharhi sukan ce daɗin sauti ne, ko hoton bangon nan na haske da ya ratsa gilashi ya fito launi-launi. Duk da su. Amma na'urorin 1973 an daɗe da wuce su, ga shi ana saye har yau. A ganina abin da ya riƙe shi biyu ne. Na farko, bai ambaci sunan shugaban da ke ci a lokacin ba, bai ɗaure kansa da rigimar shekarar ba. Lokaci da kuɗi da tsoro da gaba da mutuwa ya ɗauka, waɗannan kuwa ba sa tsufa. Mutumin ƙauyukan Kurfi ko Safana da ya taɓa kwana da fargabar 'yan bindiga, ba sai an fassara masa tsoro ba. Wanda ya ga yadda maƙwabtan da suka tashi tare suka koma mu da su, ya riga ya san jigon waccan waƙar ko bai iya Turanci ba. Na biyu, an gina shi yadda ba a gutsurarsa. Waƙa na shiga cikin waƙa ba tare da tsayawa ba, duk wanda ya fara sai ya ba da minti 43 na rayuwarsa. Abin da mutum ya ba lokacinsa kuwa, shi ke zama a ransa.

To jama'a, mu dawo gida. Kamfanin nan na EMI a da yana da reshe a Najeriya, ya kuma buga fayafayen makaɗan Hausa, har da na Alhaji Mamman Shata. Amma tun kafin Bature ya ƙera babban faifai, Bahaushe ya san doguwar waƙa mai jigo guda. Shi ba faifai ya ba shi fili ba, dandali ne da ƙofar fada da daren biki, inda ba mai duba agogo.

An haifi Shata a Musawa a 1923, ba nisa daga nan. Bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin a idon mutanen lokacin waƙa roƙo ce, roƙo kuwa ba abin ɗan mutunci ba ne in ba gado ya yi ba. Tallar goro da alewa ya fara, yana haɗawa da waƙa a dandali. Ya zauna a Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. A 1952, a bikin 'ya'yan sarki a Kano, sunansa ya fita ƙasa duka. Ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa, ya yi ta noma da ta kiwon lafiya, ya yi wa kumbon da ya kai mutum duniyar wata a 1969. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Cikin ɗimbin waƙoƙin nan akwai guda da ya keɓe wa kansa, ita ce Bakandamiya. Ba ta sarki ba ce, ba ta mai kuɗi ba ce. Shata ne ke waƙar Shata. Wani zai ce ai wannan cika baki ne kawai, ina jigo a nan? Cika bakin yana nan, zambo da habaici ga abokan hamayya ma suna nan, ba mai musu. Amma ku saurare ta daga fari zuwa ƙarshe kuna tuna tarihin mai ita. Ɗan haye ne ya shigo sana'ar 'yan gado, sana'ar da ake yi wa kallon raini, ya tsaya tsakiyar fage yana cewa ga ni, ga aikina, ga inda ya kai ni, wanda ya isa ya ja. Ɗiyan waƙar kan bi ta garuruwa da mutane da abubuwan da suka faru, su ɗauko wannan su ajiye su ɗauko wancan, amma duk inda suka zaga wuri ɗaya suke komawa: mutum ya riƙe sana'arsa da ƙarfi, kada ya ji tsoro, kada ya ji kunyarta. Shi ya sa makanike a garejinsa da mai ɗinki a kan kekensa da direban babbar mota ke jin kamar da su ake. Ba Shata kaɗai suke ji ba, kansu suke ji ana wasawa.

Ga kuma wani abin lura. Amshin waƙar ba kirari ba ne, godiya ce. Komai tsawon ɗan da Shata ya ja, komai zafin bugun ƙirjin da ya yi, da ya sauke sai 'yan amshi su mayar da zancen ga godiya, kuma godiyar ba ta ubangida kaɗai ba ce, har da ta yaransa. Abin da bugun zuciya ya yi wa faifan Landan, shi gindin waƙa ke yi wa Bakandamiya: yana ɗaure farko da ƙarshe, yana hana zance watsewa. Sai dai a nan akwai ƙarin hikima, domin alfahari da godiya ne ke karɓa-karɓa, ɗaya na taka wa ɗaya burki. Wanda ya ji ɗa guda a waya zai ce mutumin nan ya cika girman kai. Wanda ya zauna ya ji amshin ya dawo sau da yawa, shi zai gane inda aka dosa.

Shata ba shi kaɗai ke da bakandamiya ba. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, yana da tasa, inda ya haɗa yabon ubangidansa da bayanin yadda gwani ke sarrafa waƙa, har masana suka mayar da ita abin koyarwa a jami'o'i. In kuma aka zo rubutacciyar waƙa, Zariya na da Malam Aliyu Namangi, wanda makanta ta same shi tun yana ƙarami, ya rayu har 1990. Waƙoƙinsa na Imfiraji kashi-kashi ne, an buga tara daga cikinsu a littafi, kowane baiti ɗango biyar. Begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wa'azi a kan ruɗin duniya, da tunatarwa a kan mutuwa da kabari da hisabi, su ne abin da ya ratsa su. Ba kamfanin da ya yi musu talla. Makafi da almajirai suka haddace su suka bi ƙofa-ƙofa da su, rediyo ya ɗauka, har suka shiga kowane gida. In ana neman aiki mai sassa da yawa a kan jigo guda a harshen Hausa, ga shi nan.

Yanzu ku jera su uku. Dukkansu mutum ne ya tsaya yana lissafin rayuwa, ya san lokaci na tafiya. Samarin Landan sun bayyana ciwon dalla-dalla, sun kuma nemi mutane su tausaya wa juna, amma a kan husufi suka tsaya, ba su nuna abin da ke bayansa ba. Shata ya ce tunda kwana ƙidayayye ne, tashi ka yi aikinka ba tsoro, ka gode. Namangi ya ce duk wannan gaskiya ne, amma akwai gobe, yi guzuri. Mai sauraro na Dutsin-Ma ya san amsar da ta fi kwanta masa a rai. Abin da nake so mu gani shi ne, ba ɗayansu da ya daɗe saboda daɗin kiɗa kawai. Kowanne ya kama tambayar da kowane ɗan Adam zai yi wa kansa wata rana, ya kuma ɗauki lokacin da ya ishe shi ya warware ta.

Akwai bambanci guda babba tsakanin nasu da namu, kuma a nan damuwata take. Faifan Pink Floyd sau ɗaya aka naɗe shi. Wanda aka ji a 1973 shi ake ji yau. Asalin zaren da aka ɗauke shi a kai yana nan a adane, shi ya sa a 2023, da ya cika shekara 50, aka sake gyara sautinsa aka fitar. Bakandamiya kuwa ba ta da kwafi guda da za a ce shi ne ita. An san Shata da ƙirƙira nan take. Ya shekara da shekaru yana yin ta, kowane zama da irin ɗiyan da zai sako, gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa da abin da ke ransa a ranar. Wadda aka ɗauka a gidan rediyo daban, ta gidan talabijin daban, wadda wani ya ɗauka da rikodarsa a gidan biki daban. Wannan shi ne ƙarfinta sa'ad da mai ita ke raye. Yau da ba ya nan, shi ne rauninta. Duk kaset ɗin da zafi ya narkar, ko zarensa ya tsinke aka jefar, wani sashe ne na waƙar ya tafi, kuma ba mai sake rera shi.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah, tarihin rayuwarsa da waƙoƙinsa. Amma littafi ba ya kaɗa kalangu. Sautin yana warwatse a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da akwatunan tsofaffin direbobi da 'yan kasuwa, da shagunan da a da ke sayar da kaset yanzu sun koma cajin waya. Sannan ku tuna matar nan ta Landan da aka biya fam 30, wadda sai bayan shekaru sama da 30 sunanta ya hau kan aikinta. Mu fa? Mutum nawa cikin masu jin Shata kullum za su iya kawo sunan makaɗan da suka riƙe masa kalangu, ko 'yan amshin da in babu su waƙar ba ta tsayawa? Waɗanda suka san su da iyalansu suna nan a Funtuwa da Musawa da sauran garuruwanmu. Yau za a iya tambayarsu. Nan da wasu shekaru sai dai a ce da an sani.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko kusa da mu, domin tana cikin aljihunmu. Waya ta kawo waƙa ga kowa, wannan alheri ne. Amma ta koya mana gutsure. A TikTok da WhatsApp ɗa guda ake yankowa daga waƙar Shata, daƙiƙa 30, a ɗora a kan hoton wani ɗan siyasa, ko a jefi kishiya da shi, ko abokin faɗa. Habaicin ya fita, godiyar da ke biye da shi an yanke. Haka ake ɗauko baiti guda na Imfiraji a raba shi da 'yan'uwansa. Mawaƙanmu na yanzu ma, masu basira da muryoyi masu daɗi, da yawansu sun lura da inda kasuwa ta karkata, sai su tara waƙoƙi goma sha a fitar a tare, in ka sauya musu jeri ba abin da zai ragu, domin dama ba abin da ya haɗa su. Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Mai saye shi ke koya wa mai sayarwa abin da zai kasa.

Kada a ce zamani ne ya zo da haka, ba yadda za a yi. A Turai da Amurka ma wayar nan ce a hannun matasa, amma ga shi babban faifai ya dawo kasuwa, samari na saye suna zama su ji daga fari har ƙarshe. Ɗan Adam bai daina son dogon zance mai ma'ana ba. Mutanen da ke zama awa guda suna sauraron tafsiri da azumi, ko su bi littafin da ake karantawa a rediyo mako bayan mako, ba za a ce ba su da haƙurin minti 20 na waƙa ba. Kuma abin waƙar bai ƙare ba. Rayuwar manomin da ya shuka bai san ko zai girbe ba, da ta yarinyar da ta baro ƙauye ta zo karatu Dutsin-Ma, da ta ruwan madatsar Zobe da gonakin da ke jiran sa, kowanne ya isa a gina masa aiki guda mai sassa goma. Mawaƙin da ya yi wannan da gaskiya, ba zai yi tashe a mako guda ba, amma jikokinsa za su ci gajiyar sunansa.

Saboda haka roƙona uku ne. Na farko gare ku iyayenmu: duk mai tsohon kaset ko faifan Shata, ko na Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗan Anace, ko wani makaɗin garinku da ba a san shi a birni ba, kada a bar wa yara su yi wasa da zarensa. A nemi mai kwamfuta ya juye shi, a rubuta inda aka ɗauka da shekarar, in an tuna. Na biyu gare ku malamai da ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita: ga aikin bincike a ƙofar gida. A bi gari-gari a tattara kowane zubi na Bakandamiya da za a samu, a jera su, a ga abin da Shata ya ƙara da abin da ya bari yayin da shekaru ke tafiya, a rubuta sunayen makaɗa da 'yan amshin kowane zubi. Na uku gare ku ƙannena matasa: cikin makon nan ku zaɓi doguwar waƙa guda, ta gida ko ta waje, ku ji ta daga farko har ƙarshe ba tsallake, sannan ku sami wani dattijo ku tambaye shi abin da ya fahimta da ita, ku gwada da naku.

Nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya zaunar da yankinmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.